Rubutun Nawa Ne, Me Ya Kawo Kuɗin Wata a Ciki?

Don Allah a gaya mini, tun yaushe rubuta layi ɗaya ya zama aikin da sai an nemi izini? Layi ɗaya fa nake magana. Lambar mai gyaran janareta, ko sunan maganin da likita ya faɗa da baki, ko wata dabara da ta faɗo maka a rai kana tsakiyar aiki, kana tsoron kada ta tsere. Kana gaban kwamfuta, yatsunka na kan madannai, abin da ya rage kawai ka buga ka ci gaba da harkarka. Sai ka buɗe manhajar adana rubutu. Sai ta fara juya maka ɗan zoben nan da ke zagaye kansa. Ta gama juyi, ta ce akwai sabuntawa. Ka ce ba yanzu ba. Ta ce shigar da kalmar sirri. Ka shigar, ta ce an tura maka lamba ta imel, je ka ɗauko. Ka ɗauko, ta shimfiɗa maka talla, wai ga sabon tsari mai ƙirƙirarriyar basira, ga rangwame, ko za ka gwada? Ka rufe tallar, ta tambaye ka a wane kundi za a saka rubutun, da wane launi, da wane tambari. Kafin ka kai ga farar takardar, abin da ka zo rubutawa ya bi iska. Ya tafi.

Kada ka ce mini bai taɓa faruwa da kai ba, ɗan'uwa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun saba, mun karɓi wannan wahala hannu bibbiyu har muna kiranta ci gaba. Kuma nauyin nan yana da dalili. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji, irin su Notion da Evernote ta yanzu, an gina nau'insu na kwamfuta a kan wani abu da ake kira Electron, ma'ana kowace ɗaya tana ɗauke da burauza sukutum a cikin cikinta. Kafin ka rubuta "a sayo gas", sai na'urarka ta tayar da wannan ƙaton inji, ya cinye ɗaruruwan megabayit na ƙwaƙwalwa, fanka ta kama kuka, batir ya fara tsiyaya. Jimlar da kake son ajiyewa kuwa ba ta kai bayit 100 ba. Mu da yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, an gama shan romonsu a wata ƙasa kafin su iso mana, mu ne za a ɗora wa wannan kaya saboda kalma uku? Haba!

Alhali maganin yana nan cikin na'urar tun ranar da aka saye ta. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Buɗe baƙar tagar nan ta umarni, wadda aka tsorata ka da ita, ka rubuta:

echo "a kira mai gyaran janareta gobe da safe" >> tunatarwa.txt

Ka danna Enter. An gama. Babu zobe mai juyi, babu kalmar sirri, babu talla, babu mai tambayarka imel. Kalmar farko tana cewa "maimaita abin da na faɗa", kibiyoyin nan biyu suna cewa "ƙara shi a ƙasan wannan fayil", in kuma fayil ɗin babu shi, a nan take za a ƙirƙire shi. Tsurar rubutu ce, haruffa zalla, ba kwalliya ba komai. Kana son ganin abin da ka rubuta kwanan nan? Buga tail tunatarwa.txt, layuka 10 na ƙarshe su fito. Kana neman inda ka taɓa ambaton janareta watanni shida da suka wuce? Buga grep -i janareta tunatarwa.txt, duk layin da ke da kalmar ya bayyana kafin ka ɗage yatsa. Umarni uku ke nan. Wallahi wanda ya riƙe ukun nan ya riƙe mafi yawan abin da ake sayar masa da sunan "ƙwaƙwalwa ta biyu".

In kana son kwanan wata ya riƙa shiga da kansa, akwai wani fayil mai suna .bashrc a babbar foldarka, ko .zshrc ga masu Mac, ka saka masa wannan layi sau ɗaya tak:

rub() { echo "$(date +%F) $*" >> ~/tunatarwa.txt; }

Daga ranar, in ka buɗe sabuwar taga ka buga rub sannan abin da ke ranka, shi ke nan, zai zauna a fayil da shekara da wata da rana a gabansa. Wannan layi ɗaya shi ne dukan "manhajar". Za ka iya karanta shi da idonka, ka gane abin da yake yi, ka canza shi yadda ka ga dama. Wace manhaja ce cikin waɗanda kake biya ta taɓa bari ka leƙa cikinta?

Kuma wannan ba sabon yayi ba ne da zai wuce gobe. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, kuma tun farkon shekarun 1970 ake da grep da irin waɗannan ƙananan umarni, kowanne yana aiki guda ɗaya, yana yin sa da kyau, yana karɓar rubutu ya fitar da rubutu. Fiye da shekara 50 ke nan. Kwamfutocin wancan zamani sun koma gidan tarihi, kamfanoni sun tashi sun faɗi, amma umarnin da aka buga a lokacin yana aiki yau a Linux, yana aiki a Mac, yana aiki a sabobin da ke riƙe da intanet ɗin duniya. Michael Hart da ya kafa Project Gutenberg a 1971 ya nace a adana littattafai a tsurar rubutu, kuma ga su nan har yau, kowace na'ura tana buɗe su. Ka kwatanta da abin da ya samu BBC. A 1986 ta tattara bayanai da hotunan rayuwar Birtaniya daga mutane kusan miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, ta zuba su a faifan zamani na musamman don cikar shekara 900 da kundin ƙidayar Domesday na 1086. Ba a yi shekara 20 ba sai da masana jami'a suka shiga aikin ceto, domin na'urorin da ke karanta faifan sun kusa ƙarewa. Na 1086 kuwa yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew, ana karanta shi. Duk abin da sai da na'ura guda ko manhaja guda ake buɗe shi, ranar mutuwarsa tana rubuce.

To ga inda raina yake ɓaci na gaske. Ka dubi mai shago a unguwarku da littafin bashinsa. Ya sayi littafi, ya ɗaura masa biro da zare, duk wanda ya karɓi sukari ya rubuta. A ce ranar nan wanda ya sayar masa da littafin ya dawo ya ce daga yau in shafukanka sun wuce 50, ba za ka ƙara rubuta ko sisi ba sai ka riƙa biyana duk wata, kuma littafin a gidana zai riƙa kwana, kuma yarana suna iya leƙawa. Wane mai shago ne zai yarda? Da sanda zai raka shi. Amma mu masu boko, masu kwamfuta a cinya, mun yarda, har muna tallata wa juna.

Ba ƙirƙira nake yi ba. Ɗauki Evernote, mai tambarin giwa, wadda ta zama zakaran gwajin dafi a wannan fanni tun 2008. Shugabanta na lokacin, Phil Libin, ya sha faɗa cewa kamfanin shekara 100 suke ginawa. Mutane suka amince, suka kwashe rayuwarsu suka zuba: darussa, rasitai, tsare-tsaren kasuwanci, sirrin zuciya. A 2013 aka kutsa cikin rumbunsu, sai da suka sa masu amfani da ita kimanin miliyan 50 suka canza kalmar sirri. A 2016 suka ƙara kuɗi, suka taƙaita masu asusun kyauta ga na'ura biyu. A ƙarshen wannan shekarar suka fito da ƙa'idar da za ta ba wasu ma'aikatansu damar karanta rubutun mutane don inganta na'urarsu mai koyo, sai da jama'a suka yi ca a kansu sannan suka janye. A farkon 2023 kamfanin Bending Spoons na Italiya ya kammala saye ta, cikin watanni aka sallami mafi yawan ma'aikatanta na Amurka da Cile, kuɗin shekara ya kai kusan dala 130, sannan a watan Disambar 2023 aka ce mai asusun kyauta rubutu 50 kawai zai mallaka, a kundi ɗaya. Wanda ya tara dubbai yana iya karanta na da, amma ƙara sabo, sai ya biya. Kai ka yi tunanin, kai ka yi bugun, kai ka tsara, su kuma su tsaya a ƙofa da faranti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Waɗanda suka ƙara kuɗi ma da sauƙi, wasu rufe shagon suka yi gaba ɗaya. Google Notebook, an daina kula da ita a 2009, an rufe ta a 2012. Springpad ta mutu a 2014. Wunderlist, wadda miliyoyi ke rubuta ayyukan yini a cikinta, Microsoft ta saye ta a 2015 ta kashe ta a watan Mayun 2020, duk da cewa wanda ya ƙirƙire ta, Christian Reber, ya fito fili ya roƙi a sayar masa da abarsa ya ci gaba da riƙe ta. Notion ta sayi Skiff a 2024, aka ba mutane wa'adi su kwashe kayansu. Kowane lokaci saƙon iri ɗaya ne: muna godiya da tafiyar da muka yi tare, ga ranar da za mu kulle ƙofa. Sai ka ga bayin Allah suna ta gudu da kayansu a ka zuwa wata sabuwar manhajar kyauta, gudun gara a faɗa gidan zago. Banza ba ta kai zomo kasuwa, malam. In ba a karɓi kuɗinka yau ba, ana jira ne sai rubutunka ya yi yawan da ba za ka iya tashi ba.

Ko Notepad ba a ƙyale ba. Notepad fa, wannan ɗan farin allo da ke tare da Windows tun 1985, wanda duk darajarsa ita ce ba ya komai sai karɓar haruffa. Daga ƙarshen 2024 an cusa masa ƙirƙirarriyar basira da za ta "sake rubuta" maka jimlarka, kuma sai ka shiga da asusun Microsoft take aiki. Wa ya roƙa? Wane ne ya tashi da safe ya ce matsalarsa a duniya ita ce babu na'urar da za ta gyara masa jerin cefane?

Su can da suke tsara waɗannan abubuwa suna zaune ne inda intanet ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu suka shiga duhu, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, na makonni. Ka gaya mini, ɗalibin da duk darussansa ke sabar wani kamfani a hayin teku, da me ya yi karatu a ranakun nan? A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Dala ta haura naira 1,500 a 2024. Yi lissafi da kanka: dala 130 ɗin nan ta Evernote ta kai naira dubu 195 a lokacin, ta kusa albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Don ya ajiye kalmominsa! Fayil ɗin tsurar rubutu kuwa, ko da kullum layi 10 kake zubawa shekara guda cur, ba zai kai kilobayit 300 ba. Hoto ɗaya na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Ba ya shan data, ba ya neman sabis, ba ya jiran kati ya wuce.

Akwai kuma wani ciwo da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Duk wanda ya daɗe a harkar buga littafi ko kundin digiri ya san zamanin da ake amfani da zubin haruffa na musamman don samun ƙ da ɗ da ɓ. Kana buga q, allo ya nuna maka ƙ, kana buga x ya nuna ɗ, kana buga v ya nuna ɓ. Lafiya lau a kwamfutarka. Ranar da aka kai takardar wata na'ura da ba ta da wannan zubi, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "varawo" sun cika shafi, wani lokaci ma baka-baka da sanduna a tsakiyar kalma. Rubuce-rubuce nawa ne suke kwance a haka? Maganin wannan ma daga gidan tsurar rubutu ya fito. A watan Satumbar 1992 shi dai Ken Thompson ɗin nan tare da Rob Pike suka tsara UTF-8, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya damar zama a fayil da lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ ita ce ƙ, bayit biyu take ci, ba ta ara rigar kowa ba. Ka rubuta "ƙasa" a tagar umarni ta Linux ko Mac yau, jikanka zai buɗe ya ga "ƙasa". Kuma grep zai nemo maka ita ya bambanta ta da "kasa".

To me ya sa ba a koya mana ba? Nan ne nake da rigima da namu na gida. Je ka kowace makarantar koyon kwamfuta a lungu, ka ga abin da ake karɓar kuɗin iyaye a kai: yadda ake ƙara girman rubutu, yadda ake sa masa launi, yadda ake zagaye shafi da fure. Wata uku ana wannan, a ba yaro takardar shaida. Bai taɓa jin cewa fayil haruffa ne kawai a jere ba, bai san inda abin da ya rubuta yake kwana ba. In tagar umarni ta buɗe masa bisa kuskure, jikinsa na rawa yake rufe ta, yana ganin ya lalata na'ura. In kuma aka gan ka kana bugu a baƙin allo, sai a fara kallonka a kaikaice, wai ɗan yahoo ne, wai yana kutse. Finafinai sun gama da mu, sun sa mutane suna ganin duk baƙin allo mai fararen haruffa aikin ɓarayi ne. Mutum yana rubuta "a biya kuɗin makarantar yara" ana zaton banki yake fasawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Su ma gwanayen ba zan raga musu ba, domin rabin laifin nasu ne. Sabon shiga ya zo da ladabi ya ce yana son ya riƙa ajiye 'yan bayanai daga tagar umarni. Maimakon a nuna masa echo da kibiya biyu ya tafi da murnarsa, sai a taru a kansa. Wannan ya ce sai ya koyi manhajar rubutu ta Vim tukuna. Wancan ya ce a'a, Emacs da Org-mode ne hanyar gaskiya. Na uku ya kawo masa wani tsari mai folda 12 da dokokin sanya suna da taswirar haɗa tunani, na huɗu ya ce ya sauke wata manhajar umarni da za ta janyo wasu ɗaruruwan ƙananan manhajoji a bayanta. Yaro ya buɗe Vim, ya kasa fita, a yi masa dariya, ya rufe kwamfutar ya koma wajen masu karɓar kuɗin wata, ba zai sake dawowa ba. Kun kyauta ke nan? Ina girmama Vim, ina girmama Bram Moolenaar da ya sake ta ga duniya a 1991 ya kuma yi ta roƙon masu amfani da ita su taimaka wa marayun Uganda har ya rasu a 2023. Amma ba da ita ake fara wa mai son rubuta layi ɗaya ba. A ba shi nano, wadda ke rubuta masa yadda zai fita a ƙasan allo. Kuma na ga mutane da yawa da suka shafe watanni suna gyara tsarin ajiyar rubutunsu, suna canza launi, suna gwada wannan da wancan, in ka leƙa ciki babu abin da suka rubuta sai bayani kan tsarin kansa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gina Trapani ta nuna tun 2006 da tsarinta na todo.txt cewa fayil ɗaya, aiki ɗaya a kowane layi, ya ishi mai aiki.

Na san za a ce abin yana da tarko. Yana da shi, kuma gara a faɗa. Kibiya biyu tana ƙarawa, kibiya ɗaya tana shafe duk abin da ke fayil ta maye gurbinsa da sabon layin, ba tambaya ba gargaɗi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Maganinsa layi ɗaya ne shi ma: ka saka set -o noclobber a wancan fayil na .bashrc, daga nan kibiya ɗaya ba za ta taɓa danne fayil ɗin da ke akwai ba. Sai kuma waƙafin sama da ke cika Hausarmu, na "'yan" da "sa'a" da "'ya'ya". Tagar umarni tana ɗaukar sa a matsayin buɗe zance, sai ta tsaya tana jiran a rufe. Ka saka jimlar tsakanin alamun zance masu ƙafa biyu, magana ta ƙare. In rubutun mai tsawo ne, buga cat >> tunatarwa.txt, ka zuba duk abin da kake so yadda kake so, in ka gama ka danna Ctrl da D. Tarkuna biyu ke nan da za a koya cikin minti biyar. Ka gwada su da takardar sharuɗɗa mai shafuka barkatai da kake danna wa "na amince" ba ka karanta ba, wadda kuma za a iya canza ta gobe ba da saninka ba.

Za a ce in an sace kwamfutar fa, ko ta mutu? Gaskiya ne, fayil ɗin da ke wuri ɗaya yana cikin haɗari. To ka kwafe shi. Ƙanƙantarsa ta sa zai shiga filash, zai shiga waya, za ka iya tura wa kanka ta imel ko da sabis ɗin sanda ɗaya ne. Mai son abin ya tsaru ya sa shi a git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ta riƙa adana masa kowane canji, ko ya sa Syncthing ta riƙa daidaita shi tsakanin na'urorinsa ba tare da ya bi ta rumbun kowa ba. Tsurar rubutu ba ta da makulli, duk wanda ya buɗe na'urarka zai karanta, don haka kada ka zuba lambar sirrin banki a ciki, in kuma dole ne ka kulle fayil ɗin da gpg. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta ɗaukar murya. Ban ce ta iya komai ba. Mai aikin da mutum 20 ke rubutu a takarda ɗaya lokaci guda ya nemi abin da ya dace da shi, ya biya da zuciya ɗaya. Ni abin da na ƙi shi ne a ce lambar mai gyaran janareta ma sai ta ƙetare teku ta kwana a rumbun wani kafin a ba ni izinin ganinta.

Mai Windows kada ya ce an bar shi a baya: echo da kibiya biyu suna aiki a tagar umarninsa, findstr kuma tana yi masa aikin nema, in yana son cikakken Linux a ciki akwai WSL. Mai wayar Android ya sauke Termux, duk umarnin nan za su yi masa aiki a tafin hannu. Wanda kuma ya riga ya tara shekaru a wata manhaja, ya je yau ɗin nan ya nemi maɓallin fitar da kayansa, ya fitar, ya buɗe ya ga ko zai iya karanta abin da aka ba shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce wadda masu ilimin ke yi da murmushi: ai talaka ba zai iya layin umarni ba, sai an yi masa hotuna da maɓallai masu launi. Wane talaka? Wanda ke danna *310# ya ga kuɗin da ya rage masa, ya danna *311* da lambobin kati da alamar tsani ya loda waya, ya danna *323# ya duba data? Wace ce ba za ta iya ba, hajiyar da ke tura kuɗi ta banki da ƙaramar waya mai madannai, tana jera tauraro da adadi da lambar asusu a layi ɗaya ba ta kuskure ko lamba guda, domin ta san kuskure ɗaya kuɗinta ya tafi? Ɗan acaɓa ya haddace waɗannan, mai shayi ya haddace, tsohuwar da ba ta yi boko ba ta haddace, kuma da aka canza lambobin a 2023 cikin 'yan makonni kowa ya riƙe sababbin ba wanda ya buɗe musu aji. Umarni suke bugawa, na'ura tana amsawa, kullum, sau da yawa a yini. Waɗannan mutanen ne ake tsayawa a gabansu a ce echo ta fi ƙarfinsu, sannan a miƙa musu takardar biyan kuɗi da dala. Raini ne, wallahi, raini ne tsagwaronsa.